Umara, Masar, Dubai ko Turkiyya: ina guzurinka zai fi auki?

Fita ƙasar waje yanzu sai an zauna da biro da takarda. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a banki, 'yan canji kuma suna sayar da ita kusan 750. Da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin shekarar, ba a kai ƙarshen Fabrairun 2024 ba sai da dala ta haura 1,500. Kujerar Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023, a 2025 ta wuce miliyan 8. Ko fasfo bai tsira ba: mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, shekara na zagayowa ya zama 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000.

Duk da haka ba a daina tafiya ba. Wani ya kwashi adashe, wani ya fitar da buhunan wakensa a Tudun Hatsi, wata an biya ta giratuti bayan shekara 35 tana koyarwa, kowa yana son ya leƙa waje ko da sau ɗaya ne. Wurare huɗu ne suka fi yawo a bakin mutanen Gombe da Bauchi: Saudiyya don Umara, Masar, Dubai da Turkiyya. Kuɗin da ke hannu kuwa na tafiya ɗaya ne.

Abin da za a auna da shi

Tambayar da aka fi tsallakewa ita ce ta farko: da wane irin kuɗi za a caje ka a can? Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala tun 1986. Dirhamin Dubai ma haka, 3.67. Duk ranar da naira ta faɗi a gaban dala, a ranar ta faɗi a gabansu. Ɗakin riyal 200 da ke kamawa naira 40,000 lokacin da dala ke 750, da ta kai 1,500 ya zama 80,000, alhali mai otal bai ƙara ko sisi ba. Fam ɗin Masar da lirar Turkiyya kuwa su ma faɗuwa suka yi ta yi irin ta naira. A lissafin takarda ya kamata su yi wa ɗan Najeriya sauƙi, sai dai a ƙasa ɗaya kawai lissafin ya fita.

Sai farashin baƙo. Akwai ƙasashen da ɗan gari da baƙo ba kuɗi ɗaya suke biya a ƙofar shiga ba, don haka tambayi kanka: abin da ya fito da ni daga gida, kyauta ake ganinsa ko sai da tikiti? Bayan wannan sai sauƙi, wato biza, hanyar jirgi da harshen da za ka yi ciniki da shi. Sai abin da zai ɗore bayan an dawo an raba tsaraba. Sai haɗari: inda kuɗi ke iya salwanta, ko mutum ya shiga hannun hukuma.

Akwai kuma kuɗin da duk tafiyoyin suka yi tarayya a kai, wanda ba ya cikin tallan kamfanin jirgin yawo. Ban da lokacin jigilar alhazai, daga filin jirgin Lawanti ko na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi sai ka fara zuwa Kano ko Abuja, wani lokaci ma Legas. Kuɗin mota ko jirgin cikin gida, kwana ɗaya a masauki, katin rigakafin cutar shawara, duk a sa su cikin lissafi. In tafiyar ta faɗo a hunturu, kada ka kuskura ka tashi daga Gombe a ranar da babban jirginka zai tashi. Hazo kan hana jiragen cikin gida sauka, kuma in tikitin biyu ba a haɗe suke ba, kamfanin waje ba ruwansa da uzurinka.

Saudiyya

A nan kuɗin ƙasa ya fi ƙarfin naira nesa ba kusa ba, ga harajin kaya na kashi 15 cikin 100 da aka sa tun Yulin 2020. Amma akwai abin da babu wata ƙasa cikin huɗun da ta kamo ta a kai: abin da ya kai ka ba a biyan kuɗin ƙofa. Ɗawafi, sa'ayi, salloli biyar a Harami, zamzam, Ƙuba, Uhudu, Baƙi'a, duk kyauta. Shiga Rauda ma izini kawai ake nema a manhajar Nusuk. Kuɗin Umara yana tafiya ne a wuri uku: tikiti, biza da masauki. Biyun farko ba ka da iko sosai a kansu. Masauki da lokacin tafiya su ne a hannunka, kuma a nan ake cin riba ko a tafka asara.

Farashin ɗaki a Makka tazara yake bi. Dogayen benen agogo da otal-otal ɗin da ke kallon Harami kuɗinsu daban, na Ajyad da titin Ibrahim Khalil da Misfala daban, na Aziziyya da Kudai da ake hawa mota daban. Eja zai ce, "Hajiya, ai a bakin Harami yake, minti biyar ne." A nemi sunan otal ɗin a rubuce, a duba shi a taswirar waya, a duba kuma ko hawa ne ko gangara, don Makka gari ne na duwatsu. Mita 700 ga saurayi wasa ne. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, sau biyar a rana, cikin zafin azahar, kwana biyu za ta yi ta koma sallah a ɗaki. Masaukin nesa mai motar kyauta ma yana da nasa: bayan isha'i a tsaya layin bas, a isa ɗaki dare ya raba, ƙarfe uku kuma a sake fitowa in ana son sahun asuba. In da tsoho a tafiyar, gara a rage kwanaki a matso kusa. Kwana goma a kusa sun fi ashirin a nesa.

Lokaci kuwa shi ne babban ciniki. Kowa ya san hadisin da ya daidaita Umara a Ramadan da Hajji, shi ya sa duniya ke ɗunguma a goman ƙarshe, ɗaki ya ninka, tikiti ya tashi, a cusa mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Wanda ke da hali, Allah ya karɓa. Wanda ke lissafin kwabo kuwa ya dubi watannin da ke biyo bayan Hajji, Muharram da Safar, ko farkon azumi maimakon ƙarshensa. Otal ɗin dai shi ne, Haramin ma shi ne, cunkoson ne ya ragu. A tuna kuma ana rufe bizar Umara kafin aikin Hajji, sai an kammala a sake buɗewa.

Ta fuskar sauƙi, Bahaushe bai da matsala a Makka da Madina. Hausawa sun daɗe a can, masu shaguna da yawa sun iya cinikin Hausa, abinci halal ne ko'ina, kuma in kewar tuwo ta taso akwai masu sayarwa. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye kilomita 450 na tsakanin Makka da Madina cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka, amma bas ta fi shi araha ga mai iya zaman awa biyar ko shida.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko a gida yake: kamfanin da zai karɓi kuɗi ya yi ta "sai gobe" har azumi ya wuce. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke bai wa kamfanonin jirgin yawo lasisi, a tabbatar da lasisin kafin a tura ko naira ɗaya, a tura kuma ta asusun kamfani, ba na wani yaron ofis ba. Na biyu ya fi muni. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne, kuma an zartar da shi a kan 'yan Najeriya. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya haɗa ka da Allah, ka tsaya a gaban ma'aikaci har ya liƙa wa jakunkunanka lamba, ka ƙirga rasit ɗin. Goro ma a bar shi gida.

Masar

Nan ne lissafin takarda ya fita. A farkon 2022 dala tana wajen fam 16, a 2023 ta kai kusan 31, a Maris 2024 ta doshi 50. Faɗuwar tasu ta zo kusan tare da tamu, shi ya sa fam ɗin da ke wajen naira 25 a farkon 2023 bai wuce wajen naira 30 ba bayan faɗuwarsa ta Maris 2024, lokacin da dala ke wajen naira 1,500. Su ma sun sha tsadar kaya, hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100 a Satumbar 2023, amma abincin talaka irin su koshari da ful da ɗa'amiyya, da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, har yanzu ba sa fasa aljihu.

Sharaɗin shi ne ka rayu kamar ɗan gari. Manyan otal-otal da dala suke lissafi, da zarar ka shiga cikinsu ribar canjin ta tafi. Iyalin da za su yi mako biyu ko fiye sun fi samun sauƙi in sun kama hayar gida mai kaya a ciki, irin na unguwar Madinatu Nasr inda ɗaliban Azhar 'yan Afirka suke da yawa, su riƙa girki da kansu. Wuraren tarihi farashi biyu ne, na Bamisire daban na baƙo daban, kuma da yawansu yanzu da kati ake biya, ba tsabar kuɗi ba. Dalar Fir'auna da ke Giza da gidajen tarihi sai da tikiti. Masallacin Azhar da ya haura shekara dubu, da yawo a kasuwar Khan el-Khalili, ba sa buƙatar komai sai ƙafa.

Abin da ke ɗorewa daga Masar ya fi na sauran yawa in an tsara: littattafan addini da na Larabci a farashin da ba za a samu a gida ba, da duba lafiya, wanda shi ke kai mutanenmu da dama. A nan ne kuma haɗarin yake. Dillalan marasa lafiya suna da kamasho a kan kowane gwaji, wani har tafinta zai yi maka yana ƙara nasa a kai. A nemi lissafin asibiti a rubuce, a biya a kantar asibitin da hannunka. Biza sai ta ofishin jakadanci kuma takan ɗauki lokaci, kada a sayi tikitin da ba a canja masa rana kafin ta fito. Mai Larabcin Islamiyya zai sha mamaki a satin farko, don Larabcin titin Alƙahira daban ne, amma ana fahimtar juna. Ciniki kuwa dole ne. Ko raƙumi za ka hau a Giza, a yi tsadar hawa da sauka tun kana ƙasa.

Dubai

Dubai ba ta ɓoye tsadarta. Dirhami a ɗaure da dala, harajin kaya kashi 5 tun 2018, ga wani kuɗin baƙi da ake ɗorawa a kan kowane dare a otal. Kusan duk abin da ake ɗaukar hoto a ciki ana turo wa 'yan uwa, daga hawa Burj Khalifa zuwa yawon sahara, kuɗi ne. Na arha shi ne jirgin metro da kwale-kwalen da ke tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai. Lokacin zafi otal kan sauko, amma zafin ba na yawon ƙafa ba ne.

Sauƙinta a cikin gari ne: Turanci ya wadatar, tsaro da tsari ba a magana. Matsalar shigarta ce. A ƙarshen 2022 aka daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates ma ya dakatar da zuwa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a nan. Sai a Yulin 2024 aka dawo da bizar, jirgin kuma ya koma Legas ranar 1 ga Oktoba. Ƙofar da aka taɓa rufewa kusan shekara biyu, ba a gina dukkan jari a kanta, kuma sharuɗɗan bizar kan sauya, a tambayi na yau kafin a biya.

A ganina Dubai ta ɗan kasuwa ce. Wanda ke da shago a babbar kasuwar Gombe ko Wunti ta Bauchi, ya san abin da zai saro a kasuwannin Naif ko Dragon Mart, ya lissafa kago da kwastam, zai iya mayar da kuɗin tafiyarsa. Shi ma ya tuna yawancin kayan daga Sin suke zuwa, in jarinsa ƙarami ne kuɗin tikiti da otal zai cinye ribar, gara ya yi oda ta hannun amintacce. Masu zuwa don gwal su sani farashinsa na duniya ne, ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris 2025, ya haura 4,000 a Oktoba. Abin da ake ciniki a kai a kasuwar gwal ta Deira kuɗin aiki ne kawai, kuma ranar sayarwa ba a mayar da shi. Mai son ajiya ta ɗauki mai sauƙin ƙira, ta karɓi rasit mai nuna nauyi da karat.

Turkiyya

Nan ne mutane ke ruɗuwa. Ana jin lira ta faɗi, dala ta tashi daga ƙasa da lira 8 a farkon 2021 zuwa 30 a farkon 2024, sai a ɗauka komai ya zama banza. Amma hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, ta sake kai 75 a Mayun 2024, ta cinye rangwamen da baƙo ke tsammani. Otal-otal da manyan wuraren tarihi kuma sun koma yi wa baƙi lissafi da yuro. Tun Janairun 2024 baƙon da ya je kallon masallacin Aya Sofiya da ke Istanbul yuro 25 yake biya. Miji da mata da manyan 'ya'ya biyu, yuro 100 ke nan a ƙofa ɗaya, ba a je fadar Topkapi ba inda kayan tarihin Musulunci suke. Masallacin Sultan Ahmad da ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari dai kyauta ne.

Bizar tana son takardun banki masu ƙwari, in an hana kuma kuɗin nema ya tafi. Harshe ma shinge ne, daga ka bar unguwannin baƙi sai nuni da hannu, ga sanyin hunturu da zai sa ka sayen rigar da ba za ka ƙara sawa a Gombe ba. Inda ta yi zarra shi ne ingancin kaya. Tufafi, takalma, labule da kayan ɗaki na kasuwannin Laleli da Merter da ke Istanbul suna da ƙarko, kuma a can ake ƙera da yawansu. Mai sayar wa masu hannu da shuni zai ga amfaninta.

 

| Ƙasa | Kuɗinta | Farashin baƙo | Sauƙi | Abin da ke ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Saudiyya | Ɗaure da dala | Babu a wuraren ibada, tsadar a masauki take | Hausa da Larabci na aiki | Ibada | Ejan bogi, saƙon jaka |
| Masar | Ya faɗi tare da naira | Akwai a wuraren tarihi | Biza na jan lokaci | Littattafai, duba lafiya | Dillalai, cuwa-cuwar ciniki |
| Dubai | Ɗaure da dala | Kusan komai kuɗi ne | Gari mai tsari, biza mai sauyi | Kayan sari, gwal | Riba ta ƙare a kuɗin tafiya |
| Turkiyya | Ya faɗi, amma kaya sun tashi | Da yuro | Biza da harshe masu wuya | Kaya masu ƙarko | Hana biza, kashe fiye da ƙima |

Wa ya dace da ina

Wanda ibada ce ta fito da shi, ko zai kai mahaifiya ko mahaifi, Umara a lokacin da ba goman ƙarshen Ramadan ba ita ce ta fi ba shi abin da ya biya, da sharaɗin masauki na kusa da kamfani mai lasisi. Mai iyali da ke son yara su ga duniya, ko mai neman littattafai, ko mai son haɗa hutu da ganin likita, Masar ce za ta bar masa canji, muddin zai iya ciniki kuma bai ɗora wa kansa otal ɗin dala ba. Ɗan kasuwa mai jari da kwastomomi a ƙasa ya zaɓi tsakanin Dubai da Istanbul gwargwadon masu sayensa: kaya iri-iri masu saurin fita a Dubai, masu tsada da ƙarko a Istanbul. Amarya da ango masu ƙaramin guzuri, Dubai da Turkiyya za su cinye shi cikin 'yan kwanaki, Alƙahira za ta ba su mako.

Mai niyyar fita fiye da sau ɗaya ya yi fasfon shekara goma, don kuɗinsa daidai yake da na shekara biyar sau biyu, ga hutun layi. Wanda kuma bai sauke farali ba, kuɗin hannunsa ya kai na Umara amma bai kai kujera ba, ya dubi tsarin adashin gata da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020, ya je ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa ya ji yadda ake zubi kafin ya yanke shawara.